Me ya sa yatsanka bai isa shaida ba

Ka ce layi ɗaya tak ka canza a manhajar faifan yatsa na laftof (faifan da ake shafawa don motsa kibiyar da ke kan allo), ka shafa da hannunka ka ga yana aiki, to don me za ka zauna jiran ɗaruruwan gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa manhajar da kanta su gama gudu? Saurara, ɗana.

Faifan nan bai san mene ne "jan shafi" ko "zuƙo hoto" ba. Lambobi kawai yake turo wa Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar: yatsa ya sauka a wuri kaza, a lokaci kaza. Kowane yatsa ana ba shi gurbi da lambar shaida, idan ya ɗaga lambar ta koma -1. Manhajar libinput, wadda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ya jagoranta har ta kai siga 1.0 a 2015, ita ce ke hasashen nufin mutum daga waɗannan lambobi. Ɗauki ƙwanƙwasawa, wato ɗan taɓa faifan a madadin danna maɓalli: sai yatsa ya sauka ya ɗaga cikin milisakan 180, bai kuma gusa fiye da milimita 1.3 ba. Ya wuce haka, motsa kibiya ne. Kai kana iya maimaita wannan da hannunka sau biyu iri ɗaya? Ba ka iya, ni ma ba na iya.

Kuma dokokin a sarƙe suke. Jan shafi da zuƙo hoto duk da yatsu biyu suke farawa, sai an ɗan jira kafin a gane ko tare suke tafiya ko rabuwa suke yi. Ka tsananta dokar watsi da tafin hannu don mai buga rubutu ya huta da tsallen kibiya, sai ka wayi gari wanda ke ajiye babban yatsa a ƙasan faifan ya kasa danna komai. Kai ba za ka gani ba, tunda ba haka kake riƙe na'ura ba.

Shi ya sa muke ƙirƙirar faifan bogi ta hanyar uinput, wani sashe na Linux da ke ba manhaja damar kwaikwayon na'ura. Gwajin ya zuba masa motsin yatsu da lokacinsu daidai, sannan ya duba abin da ya fito: danna ɗaya aka so, an samu ɗaya? Kada ka tsaya kan na'ura guda. Wasu tsofaffin faifan kamfanin Synaptics wurin yatsu biyu kaɗai suke iya bi, na ukun sai dai su ce akwai shi, ba su faɗin inda yake. A irinsu ne gyara ya fi yin ɓarna.

Idan wani ya kawo ƙorafi, kada ka fara da gyara. Sa shi ya naɗo motsin yatsunsa da umarnin libinput record, ka sake kunna naɗin da umarnin libinput replay har ka ga matsalar da idonka. Rubuta gwajin, ka tabbata ya faɗi tukuna, sannan ka taɓa kod, wato rubutun manhajar. Gwajin da bai taɓa faɗuwa ba, ban yarda da shi ba.

Abin da nake roƙonka da shi ƙwarai: ranar da tsohon gwaji ya faɗi bayan gyaranka, kada ka canza lambar da yake jira don ya wuce. Akwai mutumin da ya sha wahala kafin a rubuta shi. Buɗe tarihinsa, karanta dalilin, in bai fito maka ba ka kawo mini mu duba tare kafin ka tura aikin.