Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi aikin sa kai na shan inna

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai sauran amfani a shiga aikin wayar da kai kan shan inna tunda an ce an kore ta daga Afirka. Akwai ƙwarai. Na daɗe ina bi gida-gida, kuma a ganina yanzu ne aikin ya fi wuya.

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da cutar a 1988, tana nakasa yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. A wancan zamani ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, don ga yaron maƙwabta yana jan ƙafa. Yau uwa ba ta taɓa ganin sabon kamu ba, sai ta ce miki, "Wai ɗigon nan ba ya ƙarewa ne?" Tambayarta kuwa tana kan hanya.

Abin da nake gaya musu shi ne, cikin yara 200 da ƙwayar ta kama, kusan ɗaya ne take shanye wa ƙafa. Yawancin sauran suna wasansu garau, amma ƙwayar na fita ta bayan gidansu ta shiga ruwa da hannun wani yaron. Gaskiya ne an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali a watan Agustan 2020, amma tana nan a Afganistan da Pakistan, kuma a 2022 an sanar da samun yarinya a Malawi da irin wadda ta fito daga Pakistan.

Sai dai kada ki ɗauka lissafi ke buɗe ƙofa. Akwai wani magidanci da ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a jikin ƙyaure, ya ce zazzaɓi ya ɗauke masa ɗa ba wanda ya leƙo, sai yanzu muke sintiri da ɗigo biyu. Da na fara karanto masa abin da aka koya mana, da na rasa gidan har abada. Na yi masa ta'aziyya, na tambayi sunan yaron, muka tafi. Sai a zuwa na uku ya miƙo ƙaramar da kansa, aka ɗiga mata, aka shafa mata alama a ɗan ƙaramin yatsa. Ranar da ƙyar na riƙe hawayena.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke, ki nemi mai kula da riga-kafi ya haɗa ki da ayarin unguwarku. Abin da ba ki sani ba, kada ki ƙirƙiro amsa, ki ce za ki tambayo, kuma ki dawo da amsar ko da bayan kwana biyu ne. Gidan da aka ce yara ba sa nan, ki rubuta shi, ki koma da yamma.