Jitar da ta shekara a ƙarƙashin gado: a sayar ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina da jitar lantarki, Squier Stratocaster, ta hannu na saye ta tun ina makaranta. Ina kuma da kare, Duna, da ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadin gidanmu da awakin mahaifiyata. Duk sanda na jona jita da la'asar a zaure sai ya zo ya kwanta a bakin ƙofa, ba ya tashi sai na tashi. Bara ya mutu, tsufa da ciwo. Tun ranar ban sake taɓa jitar ba, na tura ta ƙarƙashin gado. Abokaina sai tsiya suke mini, wai kare ne fa. Yanzu raina ya fara son kiɗa, amma da na zuge jakar sai jikina ya mutu. Na tara 'yan kuɗi. In sayar da ita in sayi Epiphone Les Paul ko Yamaha Pacifica? Ko in nemi wani kwikwiyo da kuɗin? Ƙaninka daga Arkilla, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya mayar maka da alheri. Abokanka kuwa ka tura su wajen mafarauta, su tambayi wanda karensa ya mutu yadda ya kwana a ranar. Yawancin karnuka tsakanin shekara 10 da 13 suke rayuwa, saboda haka Duna ya cika kwanansa, kuma ba a banza ya kai nan ba, an kula da shi. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim. Babu abin kunya don ka ji zafin rabuwa da dabbar da ka ciyar da hannunka.

Shawarata a taƙaice: kada ka sayar da jitar nan yanzu.

Ta fuskar kuɗi, masu sayen jitar lantarki a Sakkwato ba su da yawa, kuma duk wanda ya ga tsatsa a tsirkiya zai taya ta tayin wulaƙanci. Sabuwa kuma farashinta dala yake bi. Ka sayar da arha ka saya da tsada ke nan. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Sake karanta wasiƙarka: la'asar, zaure, bakin ƙofa. Abin da ke kashe maka jiki yana nan, ba a cikin katakon jitar yake ba. In ka kawo Les Paul sabuwa dal ka zauna a zauren nan da la'asar, idonka bakin ƙofar zai kai. Canza wuri da lokaci kyauta ne. Ka shige ɗakinka bayan isha'i, ko da hantsi ranar da ba ka fita, ba tare da ka jona komai ba. Jitar lantarki ko ba amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, tana fitar da ɗan sauti da zai ishe ka kai kaɗai. Ka yi haka wata uku. In har lokacin ba ka son ganinta, sayar, kuma a sannan gyararriya za ka sayar, da darajarta.

To, gyaran. Jitar da ta kwanta ta ci hunturu guda da damina guda a garin nan, abu huɗu ko biyar ne suka same ta, kuma kusan duka ba su da tsada.

Tsirkiyoyin sun mutu, kada ka ɓata lokaci wajen goge su. Sayi sabon saiti, ka duba lambar da ke jikin kwalin: 9-42 ka nema, ba 10-46 ba. Na farkon sun fi siriri da laushi, kuma yatsunka yanzu kamar hannun manomi suke a farkon damina, kantar ta tafi, sai ta sake fitowa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu rana ɗaya sannan ka yi mako kana jinyar yatsa. Cikin mako uku zuwa huɗu fatar za ta yi tauri. Sayi saiti biyu in ka samu, domin ba kullum ake samun su a gari ba.

Bayan haka shafa hannunka a gefen wuyan jitar. In ka ji bakin ƙarafan da ke jere a wuyan suna kartar ka, aikin hunturu ne. Katako yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a nan kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katakon ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, shi ne ya leƙo. Wani lokaci damina kan mayar da shi, in bai koma ba ɗan goge bakin ƙarafan da ƙaramin magagari ya isa, a hankali, bayan an rufe katakon da salatif.

Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne lanƙwasar wuya. Bayan ka ɗaura sababbin tsirkiyoyi ka saita su da manhajar waya, danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa tsakiya, wajen ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin takarda biyu ko uku. In ta yi yawa jitar za ta yi taurin dannawa, in babu ita gaba ɗaya za ka ji tsirkiya tana karkarwa a kan ƙarafa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki don gyara wannan. Rubu'in juyi ake yi, a bari ta kwana, a sake dubawa. In ta ƙi juyawa kada ka yi mata ƙarfi, domin in ta karye gyaran ya fi kuɗin jitar. Wannan kam in ba ka taɓa yi ba, nemi wanda ya saba. Masu kaɗa jita a coci-cocin garin nan da 'yan kiɗan biki sun san wanda ke yi musu.

Sauran ƙura ce. In ka murɗa maɓallin ƙara ka ji ƙarar-ƙarar, feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi zai magance. In sauti yana ɗaukewa, yawanci waya ce ta saki a ramin da ake jona igiya, ɗigon dalma ɗaya ne. Daga yanzu kuma ta zauna a jakarta, nesa da taga, kuma kada ka taɓa barinta a but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Kuɗin da ka tara, in ni ne, abin sauraro zan fara saya. Akwai 'yan ƙananan na'urori irin su Fender Mustang Micro da NUX Mighty Plug da ake cusawa kai tsaye a jikin jita, a sa hedifon, a yi cajinsu kamar waya. Ba ruwanka da ɗaukewar wuta, ba ruwanka da maƙwabta, kuma ga mai halin da kake ciki suna da wata fa'ida: babu wanda zai ji ka yana leƙowa yana cewa ashe an dawo. In kana son sauti a fili, ƙaramar amfilifaya Roland Micro Cube tana aiki da batir shida irin na rimot masu kauri.

Idan kuma bayan wata ukun ka ce lallai sai sabuwa, ga yadda nake ganinsu. Stratocaster, wadda Fender ya fito da ita a 1954, tana da maganaɗisun ɗaukar sauti masu naɗi ɗaya. Sautinsu siriri ne, tas, shi ne wanda kunnenmu ya saba ji a kiɗan Buzaye da ke tsallakowa ta Illela da Ƙonni. Mdou Moctar, makaɗi ɗan yankin Tawa a Nijar, bahago ne kuma Stratocaster yake kaɗawa, bayan ya fara da jitar da ya ƙera da kansa da wayar birkin keke. Aibin waɗannan maganaɗisu shi ne ƙugi, musamman kusa da janareta ko a gidan da wayarin ɗinsa bai da kyau. Les Paul, ta Gibson ce tun 1952, Epiphone kuma ita ce mai sauƙin kuɗi a gidansu. Maganaɗisunta masu naɗi biyu ne, suna kashe ƙugin, sautin ya fi kauri. Amma tana da nauyi, kilo huɗu ko fiye, kuma wuyanta manne yake da gam, kansa a karkace, wurin da ya fi saurin karyewa ke nan. Ka tuna daga Alaba a Legas za a sako maka ita a mota, tafiyar kilomita wajen dubu. Wuyan Squier da Pacifica da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ya fi jure wahala, in ya lalace ma a canza. Pacifica 112 tana da mai naɗi biyu guda ɗaya da masu naɗi ɗaya guda biyu, ta haɗa duka. Ita zan zaɓa. Sai dai gaskiya ba ta yi nisa da abin da ke ƙarƙashin gadonka ba. Kuma duk wanda ya nuna maka jita mai tambarin Gibson a farashin Epiphone, jabu ce.

Batun kwikwiyo, kada ka haɗa shi da batun jita. In gidan da awakin suna buƙatar mai gadi, wannan buƙata ce, a yi shawara da mahaifiya. In kuwa Duna kake nema a jikin wani kare, jira tukuna, domin sabon zai zo da halinsa, mai yiwuwa ma ya tsani ƙarar jita. Ranar da ka kawo shi, ware kuɗin allurar rigakafin haukan kare daga wata uku, a kuma riƙa maimaitawa, da maganin kaska da na tsutsa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari.

Tambaya: Malam, yayana ya aiko mini da amfilifayar jita daga Amurka, fulogin bai shiga soket ɗinmu ba. In sayi adafta kawai? Daga Gawon Nama.

Amsa: Tsaya, kada ka jona. Juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In ka ga 100-240V, adafta ta isa. In ka ga 120V kaɗai, ta wutar Amurka ce, tamu kuwa 230V ce, kuma adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Jonawa ɗaya za ta ƙone. Tiransifoma mai sauke wuta za ka saya, wadda ƙarfinta ya ninka wat ɗin da amfilifayar ke ja sau biyu. Wat ɗin da ke rubuce a baya nake nufi, ba wanda ke cikin sunanta ba. Ka tabbata tiransifomar da adaftar duka masu ƙafa uku ne, kuma soket ɗin ɗakinka yana da wayar ƙasa da gaske, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya. In ka taɓa su ka ji wuta tana ɗan jan ka, cire fulogi ka kira mai wayarin kafin ka sake kunnawa.