Amsa ga Hajiya kan daimon ɗin gashin Mama

Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce kina da gashinta da ya rage a matsefi, kin ga tallan kamfanonin da ke mayar da gashi ko tokar mamaci daimon, kina so ki san ko gaskiya ne kafin ki biya. Na daɗe ina harkar duwatsu masu daraja, ire-irensu sun ratsa hannuna.

Daimon ne na gaske, ba gilashi ba. Kusan rabin gashin mutum sinadarin kabon ne. Su tace shi ya koma irin baƙin nan na cikin fensir, su haɗa da 'yar ƙwayar daimon a matsayin iri, su matse cikin injin mai zafin da ya haura digiri 1,300. Kamfanin LifeGem na Amurka ya fara wannan aiki tun 2001, kamfanin Algordanza na Suwizalan kuma a 2004. Ana ɗaukar watanni. Daimon ɗin da ya fito rawaya sinadarin naitirojin ne a cikinsa, shuɗi kuwa boron ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardar GIA ko IGI (cibiyoyin da ke tantance duwatsu masu daraja) da kamfanonin suke nunawa nauyi take faɗa, da launi, da yanka, da cewa a injin aka haife shi. Ba ta cewa kabon ɗin na Mama ne, babu kuma gwajin da zai nuna haka, don wannan zafin ba ya barin wata alamar jikin mutum. Wata baturiya ta taɓa kawo min nata, ɗan shuɗi bai kai ƙwayar gero biyu ba, na sa madubi na ga lambar da aka zana a gefensa, na'urar gwaji ma ta amsa. Ta ce in tabbatar mata mijinta ne a ciki. Na ce wannan kam sai dai maganar kamfani.

Saboda haka ki tambaye su a rubuce: kashi nawa na kabon ɗin daga gashin yake, suna ƙara wani? A masana'antarsu ake yi ko turawa suke? Idan dutsen ya fashe wurin yanka, me za su sake da shi? Kada ki tura gashin duka.

Kuɗin ma ki duba. Daimon ɗin inji farashinsa ya zube ƙwarai, amma na tunawa da mamaci dubban daloli suke caja kan ƙarami, kuma ran da kika kai kasuwa ba mai sayen labarin.

Zancen toka ba namu ba ne, mu ba ma ƙone gawa. Gashin kuwa ki fara jin ta bakin malami, don da yawa binne shi suka fi so. Ni da kuɗin nawa ne, rijiya zan haƙa da sunanta.