Kada ka bari a yanka maka Nova tukuna

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta tambayarka, ka ce motarka Chevrolet Nova ta 1970 da zarar ka danna totur a layin tashi na filin tsere sai tayoyin baya su kama tsalle, mota na kaɗawa har haƙora na haɗuwa, kuma wani mai gareji ya ce maka magani ɗaya ne, a yanke bayan a ɗaura tsarin sanduna huɗu masu riƙe aksil a maimakon sifirin ganye. Wallahi da na kai wurin maganar yankan nan sai da gabana ya faɗi, don abin da aka faɗa min ke nan kafin a lalata min tawa. Don Allah kada ka ba kowa makullin motar nan sai ka gama karanta wannan.

Tawa ta 1972 ce, ginin ƙasansu ɗaya da taka, sifirin ganye a baya. Tsallen nan ba wani abin ɓoye ba ne. Lokacin da taya ta kama ƙasa, aksil yana murɗawa, hancinsa na ɗagawa sama, sai rabin sifirin na gaba ya lanƙwashe kamar baka da aka ja. Idan ya kai iyakarsa sai taya ta suɓuce, sifirin ya miƙe da ƙarfi, taya ta sake kamawa, ya sake lanƙwashewa. Haka zai yi ta yi cikin ƙiftawar ido har sai ka ɗaga ƙafa ko wani abu ya karye. Su kansu Chevrolet sun san da matsalar, shi ya sa daga 1968 suka raba shoka, ɗaya a gaban aksil ɗaya a bayansa. Ya rage, amma ba a yi shi don injin da muke ɗorawa yanzu ba. Idan ta fara tsalle ka ɗaga ƙafa nan take, kada ka ce za ka danne ta ta wuce, kuros ɗin farfela da haƙoran aksil ne ke biyan kuɗin.

Mutumin da na kai wa tawa, wani ne ya haɗa mu a filin tsere, ana ta yabonsa. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana girgiza kai, ya ce sifirin ganye kayan akori-kura ne, ba na tsere ba. Ya ce zai sa min sandunan tsani, wato sanduna biyu masu riƙe aksil waɗanda su ma sai an yanka ake ɗaura su, da shoka mai sifirin naɗe, motar za ta tashi a miƙe. Ya karɓi kuɗi tun kafin ya taɓa komai. Motar ta daɗe a wurinsa, kullum sai ya ce kaya ba su iso ba. Da na je ɗauka na tarar ya yanke daɓen bayan kujera, ƙarfen asali wanda ko tsatsa bai yi ba, ya jefar da shi a bola. Na tambaye shi ko ya auna aksil ɗin ya tsaya daidai, ya dube ni ya ce shi ya fi shekara ashirin yana wannan aiki.

Daren Juma'a ne, daren gwaji. Ɗana na zaune a kan benci da wayarsa yana ɗauka. Na ɗumama taya, na shiga layi, fitila ta yi kore, na saki. Gaskiya ba ta yi tsalle ba. Amma kafin in kai ƙafa 60 sai na ji bayan motar yana tura ni dama, na murɗa sitiyari hagu, ta ƙi, na ɗaga ƙafa, sai ta yi wutsiya ta daki bangon kankare da gefen baya. Har yanzu ina jin ƙarar nan. Na zauna a ciki hannuna na rawa na kasa cire bel, ma'aikatan fili suka zo da gudu, aka tsayar da tsere gaba ɗaya ana share hanya, mutane na tsaye suna kallo. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron nan, ya ƙetare shinge yana kuka yana kiran Baba, wani ma'aikaci ya riƙe shi. Mahaifiyarsa ta daɗe ba ta yarda ya sake bina fili ba, ban kuma ga laifinta ba.

Da wani dattijo mai walda ya ɗaga motar ya sa tef, sai ga shi kunnen da aka manna a aksil na gefe ɗaya ya fi ɗayan matsowa gaba. Aksil ɗin a karkace yake tun daga gareji. Waldar ma a wani wurin ko shiga ƙarfen ba ta yi ba, an dai ɗora ta a sama an shafa baƙin fenti. Na koma wurin mutumin da hotuna. Ya ce ni ne ban iya tuƙi ba. Daga baya ya daina ɗaga wayata, na aika masa saƙo ya ce in je duk inda zan je. Ko sisi bai mayar ba, ko haƙuri bai ba ni ba. Na bar shi da Allah, amma in ce maka na manta, ƙarya nake.

To ga abin da nake so ka ji. Ƙarshenta dai sifirin ganyen da aka raina na koma. Dattijon nan ya mayar min da daɓe da mazaunin sifirin, muka sa sandunan CalTracs na kamfanin Calvert da sifirinsu mai ganye ɗaya a rabe, da shoka na baya da ake iya ƙara musu ƙarfi ko a rage. Dukkansu da noti ake ɗaura su, ba a yanka komai. Sandar tana hana sifirin lanƙwashewa, ta mayar da murɗawar aksil ta zama danna taya ƙasa. Tsalle ya ɗauke ɗif. Akwai motoci masu sifirin ganye da ke gama rubu'in mil cikin daƙiƙa 9 da wannan tsari, to mu da ke wasa a 11 da 12 me ya kai mu yanka? Idan aljihu bai kai ba, ko tsofaffin sanduna irin na Lakewood masu robar da ke dukan idon sifirin za su taimaka, in dai robar ta faɗa daidai ƙarƙashin idon, ba a kan ganyen ba.

Af, kafin ma duk wannan, ka haɗa shasin gaba da na baya. Nova ba ta da shasi guda mai tafiya tun daga gaba har baya, bodi ne ke riƙe tsakiya. Idan ba ka sa sandunan haɗi ba, duk ƙarfin da ka tura baya bodi ne zai murɗe ya shanye shi, za ka ga ƙofa ta fara ƙin rufuwa. A walda su, ya fi noti. Kuma idan wanda ya sayar maka da motar ya bar shoka mai iska ko dogayen maratayan sifirin don bayan ya ɗaga, ka cire su yau. Ka duba bushin, na roba mai shekara hamsin ba abin da yake riƙewa.

Hancin aksil kuma ka auna shi da farfela. A sifirin ganye ana barinsa ya kalli ƙasa kaɗan, kamar digiri 4 zuwa 6, don idan ya ɗaga da ƙarfi ya zo daidai. Ba ka faɗi wane aksil gare ka ba. Idan ƙaramin nan ne mai noti 10 na inci 8.2, ka sani ranar da taya ta fara kamawa sosai shi ne zai fara kuka. Mai noti 12 ko Ford inci 9 ake komawa. Ka sa a walda bututun aksil a jikin kwanon tsakiya da ke ɗauke da haƙoran aksil, suna iya juyawa. Zoben tare farfela kuma, wato ƙarfen da ke kama ta idan ta tsinke, kada ka shiga fili babu shi, na ga wanda tasa ta tsinke ta huda daɓe kusa da ƙafarsa. Dokar NHRA ma, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tseren a Amurka, daga daƙiƙa 11.49 zuwa ƙasa a rubu'in mil sai da sandar kariya a bayan kujera, daga 9.99 sai cikakken keji, gara ka sa wannan a lissafin kuɗinka tun yanzu.

Ban ce sanduna huɗu ba su da kyau ba. Ga motar da ba ta taka titi, mai ƙarfin doki da yawa, a hannun wanda ke da teburin awo, babu kamarsu. Amma ramukan saitinsu kaɗai sun isa su rikita mutum, kuma sandunan tsani a kan titi azaba ce, ba sa barin aksil ya karkata, shiga gidan mai da gefe ma sai ka ji ƙarfe na kuka. Motar kuma da zarar an yanka ta, darajarta wajen masu neman ta asali ta tafi.

Ka riƙa canza abu ɗaya a kowane zagaye, ka rubuta a bayan takardar lokacin da ake ba ka a filin tsere. Lambar ƙafa 60, wato lokacin da ka ɗauka kafin ka ci ƙafa 60 na farko, kawai za ka kalla, ita ke faɗin gaskiyar bayan motarka, masu tsere kan ce abin da ka rage a nan yana kusan ninkawa a ƙarshen layi. Iskar taya ma tana cikin lissafi. Ka samu wani ya tsaya ta gefe ya ɗauki tayar baya a bidiyo mai tafiyar hawainiya. Ka ɗora mana shi a nan tare da takardar da hoton ƙarƙashin motar, ka kuma faɗa min tayar da kake sawa da ko giyarka ta hannu ce, don saitin shoka ya bambanta. Shi kuma mai garejin, ka ce ya nuna maka mota ɗaya da ya yanka, ka je ka ga tashinta da idonka, ka yi magana da mai ita lokacin da mai garejin ba ya wurin.