Amsa ga Hajiya kan tsiron tumatir da ke kwanciya a ɗaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Hajiya, na saurari saƙonki, na kuma ga hoton. Kin ce kin yafa tumatir da attarugu a roba cikin ɗaki saboda kaji, sun fito zalau-zalau, wasu kuma sun kwanta. To, haske ne da iska suka yi musu kaɗan.

Kafin iri ya tsaga ƙasa, ɗumi da laima kawai yake so. Tumatir kwana 5 zuwa 10 ya fito, attarugu kuwa mai nawa ne, yakan kai mako 2 ko 3. Amma ranar da kika ga kore ya leƙo, to a ranar yake bukatar rana. Wannan tsawon da kike gani ba girma ba ne, neman haske suke yi. Duba hotonki, duk sun karkata wajen taga. Ki fito da su baranda inda hantsi ke bugawa, ki rufa musu tsohon gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru. Sai dai kada ki kai su tsakar rana lokaci guda, za su ƙone. Yau awa 2 da safe, gobe ki ƙara, cikin mako guda sun saba.

In kuma dole sai ɗakin, a sa farin kwan LED awa 14 zuwa 16, a sauko da shi dab da kansu, kamar faɗin tafin hannu. Kwan da ke can jikin silin ba abin da yake yi musu. Da dare a kashe.

Waɗanda suka kwanta su ne suka fi damuna. Ki tsuguna ki duba gindinsu daidai bakin ƙasa, za ki ga ya tsuke kamar zare, ya yi ruwa-ruwa. Fumfuna ce, kuma rufaffen ɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙasa take so. Wanda ta kama ba ya tashi, ki tuge shi har da ƙasar gindinsa tun bai shafa wa na kusa ba. Ki huda ƙasan robar. In kin rufe da leda ki cire. Ki rage su, sun cushe da yawa, na san da zafi amma ki daure. Ban ruwa da safe kawai, sai in kin taɓa saman ƙasa kin ji ya fara bushewa. Ki buɗe taga, ko ki sa fanka lamba ɗaya daga nesa, yadda ganyen zai ɗan riƙa motsi. Wannan kaɗawar ce ke sa karansu ya yi kauri.

Waɗanda suka riga suka yi tsawo, in tumatir ne, ranar dashe ki binne karan har kusa da ganye, zai fitar da saiwa. Allah ya ba da sa'a.