Tsakin fezan na mutuwa a keji: shin maganin ƙwayoyin cuta ne mafita?

Tambaya: Likita, ina zaune a yankin Yokshaya a Ingila, kuma ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar mafarauta mai sakin tsuntsun fezan (wani tsuntsu dangin kaza da ake kiwo don farauta) a daji. Mun sayi tsaki 400 'yan mako bakwai, amma tun mako na biyu a kejin saki suke ta mutuwa. Suna takurewa, suna zawo rawaya mai kumfa, wasu kuma suna miƙa wuya suna hangame baki. Wani ya ba mu ragowar maganin antibayotik mu zuba a ruwan sha. Hankalinmu a tashe yake, ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ajiye wannan magani tukuna, domin alamomin da ka lissafa sun fi nuni ga cututtuka biyu dabam-dabam. Zawo mai kumfa, tare da ramar da ke sa ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa, ya fi kama da hekzamita, wata cutar hanji ta tsuntsaye, ko da yake koksidiyosis, ita ma cutar hanji, kan zo da zawo. Hangame baki kuwa yawanci aikin jar tsutsa ce da ke maƙalewa a maƙogwaro, kuma maganinta flubendazole ne a cikin abinci na kwana bakwai. Ka kai wa likitan dabbobi biyu ko uku daga cikin marasa lafiyar da ransu, saboda ƙwayar hekzamita tana wuyar gani da zarar gawa ta huce. Idan mutuwar ta zo farat ɗaya da yawa, doka ta wajabta a sanar da hukumar APHA mai kula da lafiyar dabbobi da tsirrai saboda murar tsuntsaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan imani cewa antibayotik rigakafi ne. Kullum sai na haɗu da mai kiwon da ya karɓi wani ƙullin gari daga abokinsa, ba takardar likita, ba awo, ya kaɗa a ruwa yana jiran lafiya ta sauko. Antibayotik ba ya kashe tsutsa ko kaɗan, kuma tun da aka janye maganin Emtryl daga kasuwa a farkon shekarun 2000 babu wani magani mai lasisi da ke gamawa da hekzamita kai tsaye. Ga kuma wani abin da masu raba shawara kyauta ba sa faɗa: tsakon da ya galabaita ba ya shan ruwa sosai, musamman idan magani ya ba ruwan ɗaci, saboda haka lafiyayyu ke shanye maganin, mai zawo kuma ƙishirwa ta ƙarasa shi. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, a jikin tsuntsun da mutane za su ci bayan an buɗe farauta ranar 1 ga Oktoba. Antibayotik a Birtaniya sai da umarnin likita, kuma gyaran dokar magungunan dabbobi na 2024 ya hana amfani da shi a matsayin abin yau da kullum. Ba na ganin uzurin wanda ya san haka ya ci gaba.

Mafi yawan lokaci ciwon a kejin yake. Cibiyar GWCT mai bincike kan namun daji da tsuntsayen farauta ta ba da shawarar kada a wuce tsuntsu 1,000 a hekta ɗaya na keji, ko 700 a tsohon daji, wanda ke nufin 400 ɗinku na buƙatar aƙalla kusan rabin hekta. Ka duba ƙarƙashin mazubin ruwa: idan ƙasar ta zama caɓi haɗe da kashi, nan cutar ke yaɗuwa. Ku riƙa wanke mazuban kullum kuna sauya musu wuri, ku ƙara yawansu, ku sa sinadarin mayar da ruwan jiki, kuma kada ku yi gaggawar komawa alkama zalla alhali tsakin suna buƙatar abinci mai gina jiki. Idan shekara da shekaru a wannan filin kuke saki, baɗi ku nemi sabon wuri, domin tsutsar ƙasa, wato tana, na ɗauke da ƙwan tsutsar maƙogwaro a cikin ƙasa har tsawon shekaru.