Tambayoyinku: Bayan aikin hanci, yaushe zan hau jirgi in dawo gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, shekara 3 ke nan da na faɗi bisa kabu-kabu hancina ya karye, tun lokacin ƙofa ɗaya toshe take, da baki nake numfashi in na kwanta. Yanzu na samu randebu a wata kilinik a Tunis za a miƙe mini kashin, to na ga biyen jirgi mai arha na dawowa kwana 3 bayan aikin, ga kuɗin otel da yawa. In saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a yi a sa'a. Don Allah kar ka sayi biyen nan, na san zafin kuɗin otel a ƙasar mutane amma kwana 3 ya yi kaɗan ƙwarai.

Ka ga bayan aikin, mafi yawan likitoci suna saka wata 'yar roba cikin hanci ta riƙe bangon tsakiya, in an taɓa kashin kuma su ɗora wani abu kamar filasta ta waje, kuma sai an yi kamar sati ɗaya ake cirewa, wanda ya yi aikin shi ya kamata ya cire da hannunsa ya leƙa ciki ya ga ko jini bai taru ba. Shi ya sa yawanci ake cewa a jira sati 1 zuwa 2 kafin a hau jirgi, amma maganar ƙarshe ta likitanka ce, ka tambaye shi tun yanzu ta WhatsApp kafin ka biya ko dala, ka kuma nemi biyen da ake iya canja masa rana.

Jirgin kansa fa, in ya yi sama iskar cikinsa kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 ce, iskar da ke maƙale a kogon fuska da kunne sai ta buɗe, in hanci ya kumbura ba ta da hanyar fita, nan ne ciwon kai da na kunne ke tasowa, musamman wajen sauka. Ga iskar busasshiya ƙarau kamar ta hunturu, ɓawon ciwo ya tsage sai haɓo, kai kuma kana sararin sama bisa Sahara babu likitan hanci kusa. Ranar tafiya ka riƙe ruwan gishirin fesa hanci na farmasi a aljihu, ƙaramar kwalba wadda ba ta wuce mililita 100 ba, da kompires na tare jini, ka yi ta shan ruwa, in an fara sauka ka tauna cingam kana haɗiye yawu, amma kar ka toshe hanci ka hura. Jakarka ma wani ya ɗora maka ita sama.

A otel kuwa ka kwana da matashi biyu ko uku, banda fyace majina, atishawa ta zo ka buɗe baki. Farasitamol ba laifi, asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, ka bar su sai in likita ya ce. Abin da mutanenmu ke jin nauyin tambayar likitan waje shi ne salla. Sujada tana tura jini zuwa kai, kwanakin farko ka yi sallarka a zaune da nuni, addini ya yarda, shaƙa ruwa da fyacewa a alwala kuma sunna ne a mazhabar Malikiyya, alwalarka ta yi ko ba su. In da hali ka tafi da ƙane ko ɗa, daren farko bayan allurar barci bai kamata mutum ya kwana shi kaɗai ba.

Ni wallahi abin da ya fi damuna ma ba jirgin ba ne, hanyar gida ce. Ka sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, gabanka da sauran sama da kilomita 500 cikin kar, ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ga girgiza ga zafi, in lokacin hunturu ne ga ƙura. Ka kwana biyu a Yamai wajen 'yan'uwa tukuna, ka sa takunkumi sakwa-sakwa wanda ba ya danna hanci, kuma kar ka baro Tunis sai da takardar bayanin aikin da ordonans, wato takardar magani, da lambar likitan a hannunka, don akwai sashen ORL, wato na kunne, hanci da maƙogwaro, a babban asibitin ƙasa na Yamai, in wani abu ya taso takardar za su fara nema. Jinin da ya wuce minti 15 bai tsaya ba, ko zazzaɓi, ko ciwon da kullum ƙaruwa yake hanci ya toshe gam, kar ka jira gari ya waye, ka nufi asibiti ko da tsakar dare ne. In ka iso Tawa lafiya ka rubuto mini in ji.